Ƙyauren Taswira

Ƙarfe tara na dare a Samaru,
janareta na tari a bayan ofis,
ni da sabar taswira kwana biyu ba mu rabu ba.
Zariya duka tana kwance cikin akwatin nan:
Kubanni ta zama shuɗin zare,
Kufena ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa,
Tudun Wada, Gyallesu, Hanwa, Muciya,
kowane fuloti da lambarsa a goshi
kamar buhunan da aka yi wa shaida a tasha.

Na tarar da ƙofar a buɗe.
Kalmar sirrin da aka sayo ta da ita,
ita ce har yau, shekara uku.
Kowa ya sani, har masinja ya sani.
Malam Tanimu ma ya rubuta ta da biro
ya manna ƙarƙashin tebur, wai don kar a manta.
Wannan ai ba kwaɗo ba ne, ado ne.

Na buɗe rajistar masu shiga.
Ga wani, ƙarfe biyu da kwata na daren Laraba,
ba sallama, ba suna,
ya kama iyakar wani fili a Zangon Shanu
ya ja ta taku shida zuwa gabas.
Taku shida!
A allo bai kai faɗin farce ba,
a ƙasa kuwa rijiyar Iya Lantana ce
da zogalen da take tsinka da yamma.

Na mayar da layin inda yake,
na binne tsohuwar kalma,
sannan na zauna rabon makulli.

Mutanen da, da suka ja ganuwa,
ba su toshe gari ruf ba.
Sun bar Ƙofar Doka, sun bar Ƙofar Gayan,
amma kowace da mai tambaya:
wane ne kai, ina za ka?
Ni ma haka.
Mai kallo ya kalla, ba a hana ido;
ɗalibin da ke neman hanyar Kongo ya gani ya wuce.
Safiyo ya auna ya rubuta,
amma sunansa na biye da alƙalaminsa.
Masu gogewa mutum biyu ne rak,
su ma sai waya ta yi ƙara
ta miƙo lamba shida mai mutuwa cikin minti guda.
Wanda ya ƙwanƙwasa sau biyar da kalmar ƙarya,
sakata ta faɗa, sai da safe.
Saƙon da ke fita na sa masa sulke,
ko ɓarawo ya tare shi a hanya
ƙaiƙayi zai damƙa.
Tagogin da ba mai leƙawa na liƙe su ɗaya bayan ɗaya.

Wajen sha ɗaya waya ta girgiza.
Kawu Inuwa.
"Ladidi, an ce makulli na hannunki yanzu.
Filin nan nawa na Basawa,
ɗan matsarwa za ki yi, kamu ɗaya tak.
Ai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."
Shi ya biya min kuɗin makaranta
shekarar da Baba ya kwanta.
Na daɗe ina sauraron numfashinsa.
Na ce, Kawu, ƙofar nan ba ta da dangi,
ni ma sai na nuna shaida take buɗewa,
kuma duk abin da na taɓa tana rubutawa.
Ya ce, to, madalla. Ya kashe.
Na san madallar nan,
za ta kai Sallah ba ta huce ba.

Na gwada shiga da tsohuwar kalma.
Allo ya ce: ba a san ki ba.
Ban taɓa jin daɗin kora kamar yau ba.

Na ɓamɓare takardar Malam Tanimu,
na naɗe ragowar gyaɗata a ciki,
na kashe fitila.
A bakin titi mai shayi na kife kofuna.
Can Zangon Shanu Iya Lantana na barci,
ba ta san rijiyarta ta yi tafiya ba,
balle ta san ta dawo.