Mushe a Unguwar Jahun

A Damagaram mushe ake ce mini,
a Bauchi na koma malamin Faransanci.
Ɗaki biyu muka kama a Jahun,
da rijiya mai ƙafewa tun kafin bazara.

Da sassafe Nafi'u ya ɓoye mini alli
cikin takalmin ƙanwarsa,
wai don kada in fita.
Harira kuwa, shekara uku da rabi,
ta gyara mini baki a gaban mai masa:
"Baba, ba lakwal ake cewa ba, makaranta ce."
Matar ta yi ta dariya, ta ƙara mana biyu gyara.

Yara saba'in nake koya wa harshen da ban sha a nono ba,
nawa na koya mini Hausar da ba ta garinmu ba.

Sa'ade da naira take cefane,
amma ran da tumatir ya yi tsada
sai ta mai da kuɗin sefa, ta dafe ƙirji.

Daren jiya haƙori ya hana Laminu barci.
Hannu ɗaya na duba takardun jarrabawa,
ɗayan na jijjiga.
Gobe wata ɗaliba za ta tarar da ɗigon koko
dab da sunanta.

Inna ta bugo daga gida, murya na yankewa:
"Yaushe za ku dawo ne?"
Ina cikin laluben amsa
Harira ta fizge wayar:
"Kaka, ai muna gida.
Ke ce kika yi nisa."