Aljihu Biyu

Ran da muka yi wa kamfani rajista
akawu ya ce da ni, "Haxby, saurara,
yau an haifi mutum, kuma ba kai ba ne.
Sunansa daban, aljihunsa daban,
in ya faɗi, shi kaɗai zai sha ƙasa."
Na yi dariya, na sa hannu,
na koma ɗakin hayaƙi a bakin tashar Grimsby
inda kifi ke rataye jere-jere
kamar safar da aka shanya.

Shekara goma sha tara ina ciyar da mutumin nan
da ba shi da baki.
Sai injin sanyi ya mutu daren Lahadi,
tan huɗu na kifi ya ruɓe kafin gari ya waye.
Warin ya biyo ni gida, ya kwana a gashina.
Na ce Stennett ne, shi ya haɗa injin.
Stennett ya ce ni ne, shekara biyu ban sa an duba ba.
Aji ɗaya muka yi da Stennett, kullum yana gabana.
Wannan ma yana cikin lissafi, ban dai faɗa wa kowa ba.

Kamfani ya kai ƙara, haka takarda ta ce.
Amma asusunsa ya ƙafe tun kaka,
ni na riƙa yi masa ɗura:
kuɗin fansho, kuɗin motar da na sayar,
da ɗan abin da Maureen ta ɓoye don gyaran rufi.
Sau biyu Stennett ya aiko a sasanta.
Lauyata ta ce, "Karɓi."
Na ce, "Sai na ga bayansa."
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Kwana shida a kotun Leeds.
Jirgin ƙarfe shida da kwata, canji a Doncaster,
shayi yana hucewa a kofin takarda.
Muka sha kaye.
Na ce to, mutumin nan ya faɗi,
ku je ku bi shi kuɗin lauyoyinku,
ga teburinsa, ga kujeru uku, ga wuƙaƙen fiɗa.

Ashe da sauran rina a kaba.
Alƙali ya ɗaga labule da ɗan yatsa
ya tarar da ni tsugune a baya.
Bai ko ɗaga murya ba.
Wa ya biya? Wa ya ƙi sulhu?
Da an ci, aljihun wa za a cika?
Akwai wasiƙar da na rubuta ƙarfe biyun dare:
"In kuɗin sun fito, nawa zan fara cirewa."
Aka karanta ta a bainar jama'a
har da kuskuren rubutun da ke ciki.

Fam dubu ɗari da tamanin da huɗu.
Babu sunan kamfani a bayan ambulan.
Sunana ne cikakke, har da na tsakiya
wanda tun rasuwar mahaifiyata ba mai kirana da shi.
Ladan kuturu ban ci ba,
hannu kawai na miƙa,
ga shi an danƙa mini aska.

Akawun ya rasu bara, da na tambaye shi.
Ko da yake bai yi ƙarya ba:
aljihu biyu ya nuna mini,
ni na farke ɗinkin da ke tsakani.

Jiya aka kafa allon sayarwa a ƙofar gida.
Ya ɗan karkace, na fita na gyara shi.
Ana ruwa tun Talata.
Maureen ta sa bokiti a ƙarƙashin yoyon,
ba ta ce komai ba.
Daga gado ina jin ɗigon,
in ya kusa cika sautinsa yakan sauya,
sai in tashi in zubar.