Lita Ɗari Biyu da Sittin

Mai sayar da motar ya ce mini,
"But ɗinta lita ɗari biyu da sittin ne, Torunn."
Na gyaɗa kai kamar na gane.
Wa ya taɓa auna tafiyar ɗansa da lita?

Ran Asabar a Ålesund, ana yayyafi kamar kullum,
Eivind ya jera kayansa a bakin ƙofa:
akwati biyu, fitilar karatu, bargon ulun kakarsa,
takalman dusar ƙanƙara, butar shayi mai karyayyen hannu,
da jitar nan da bai taɓa koyon kaɗawa ba.
Motar kuwa tana tsaye tana kallonmu,
ƙarama, shuɗiya, shiru kamar mage.

Muka kwantar da kujerun baya.
Akwati ya shiga ta gefe, ya fito.
Ya shiga ta tsaye, murfi ya ƙi rufuwa.
Batir na kwance a ƙarƙashi, ya cinye zurfin,
ya bar mana faɗi kawai, kamar faranti.
Eivind ya cusa safa cikin takalma,
takalma cikin bargo,
bargo cikin rata tsakanin akwati da taga.
Jitar ta miƙe tsakaninmu,
wuyanta a kafaɗata har ƙarshen tafiya.

Saura busasshen kifi, kilo uku,
wanda ubansa ya shanya kafin ƙirjinsa ya gaza.
Babu wuri ko na allura.
Sai na ɗaga shimfiɗar ƙasan but,
ga wani ɗan rami inda igiyar caji ke naɗe.
Na cire ta, na rataye a ƙusar gareji,
na kwantar da kifin a gurbinta.
Ban faɗa wa kowa ba.

Hanyar Trondheim hawa ce da gangara,
mota mai nauyi, iska mai sanyi,
lambar caji na zubewa kamar yashi a hannu.
Bayan Oppdal ta nuna tara.
Tashar da muka dogara da ita ta mutu,
sai wani ɗan turke a gefen coci,
bakin soket buɗe, yana jiran igiyarka.
Eivind ya buɗe ramin.
Warin teku ya tashi ya gaishe shi.
Ya dube ni, na dubi duwatsu.
Garin neman gira, in ji shi, Mama...
sai dariya ta ƙwace masa, har da hawaye,
ban san ko na dariya ba ne duka.

Wata tsohuwa, Gudny, ta fito daga rumbun tumaki,
ta ara mana igiyarta ba tare da tambaya ba.
Awa uku muka zauna a kicin ɗinta.
Na ba ta kifi ɗaya, ta sansana,
ta ce wanda ya shanya wannan ya san gishiri.
Eivind ya ce, "Ya sani."

Dare ya raba muka isa.
Ɗakinsa a bene na huɗu, gado da tebur.
Sawu biyar, motar ta zama wayam.

Washegari na ɗaga kujerun,
sai na fasa, na sake kwantar da su.
Na kama hanyar gida ni kaɗai.
Wannan motar ba ta da ƙarar inji
da za ta taya mutum ɓoye shiru.
Na leƙa madubi: fili har ƙofar baya,
safa ɗaya a lungu, da warin kifi.

Lita ɗari biyu da sittin, in ji shi.
Jiya ta yi mana kaɗan.
Yau kuma ban san
inda zan kai wannan yalwar ba.