Idon da Ke Jiran Duhu

Daren da Baba Tanko ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa,
buta ta yi gabas, carbi ya yi yamma.
Ba wuta tun Laraba,
tocila kuwa tana ƙarƙashin matashi, inda ya mance ta.
Bai ce uffan ba, ya shafa gwiwa ya wuce.
Ni ce na kwana ina jin ƙarar faɗuwar.

Da hantsi na nufi Ƙofar Marusa,
rumfar Gambo mai gyara,
inda rediyoyi ke kwance, cikinsu a buɗe.
Ya zuba mini a tafin hannu:
taransisto mai ƙafa uku kamar duwatsun murhu,
razista biyu masu ɗamara kala-kala,
ƙwan fitila da bai kai ƙwayar masara ba,
sai wani ɗan abu mai sawun maciji a fuska.
"Wannan ne idon," in ji shi.
"In haske ya taɓa shi, sai ya saki hanya,
wuta ta zurare ƙasa.
In duhu ya zo, ya toshe,
sai ta nemi ƙafar tsakiya ta ƙwanƙwasa."

Na shimfiɗa tabarma a gindin bedi,
na ɗora ƙarfen liƙi a kan garwashi.
Dalma ta narke, ta yi hawaye,
ɗigo guda ya sauka a babban yatsana.
Har yau tabon na nan, ɗan fari, kamar ƙwayar gero.

Na haɗa batir.
Tsakar rana, fitila ta kama, tar!
Na rufe idon da hannu, ta mutu.
Ƙanena Sallau ya faɗi yana dariya:
"Yaya Lantana ta yi wa rana ɗan aike!"
Ashe na zaunar da ido a mazaunin razista,
razista a mazaunin ido.
Na ɓalle, na musanya, na sake ƙona yatsa.

Da dare kuma sai ga wata sabuwa:
ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu,
kamar mai gardama da zuciyarsa.
Na daɗe a tsugune kafin in gane:
idon na ganin hasken kansa,
sai ya zaci gari ya waye.
Na yanko murfin biro na yi masa rumfa,
na juya fuskarsa sama,
inda haske na gaskiya ke fitowa.

Washegari na ɗaure ta a bakin zaure,
cikin gwangwanin madara da na huda da ƙusa.
La'asar ta yi sanyi, ba ta motsa ba.
Jemagu suka fito, shiru.
Ladan ya gyara murya,
inuwar katanga ta haɗiye ta bishiya,
ni kuwa na riƙe numfashi,
ba na ko ƙifta ido.

Sannu a hankali, kamar mai jin kunya,
ta buɗe.

Baba ya taho da butarsa,
ya tsaya, ya dubi dokin ƙofar nan
kamar tsohon abokin faɗa da aka gamu da rana.
Ya ɗaga ƙafa ya tsallake.
"Wa ya kunna?"
Na ce, "Duhu ne, Baba."
Ya jinjina kai, ya ɗan yi shiru,
ya ce, "Yau dai ya yi abin kirki,"
ya wuce masallaci.