Awa Biyu Bayan Burodi

A Smilyan, inda wake ke hawa sanda ya fi mutum tsawo,
inda kogin Arda ke wanke ƙafar tsauni,
ni Nedyalko, tsohon direban bas,
na zauna, agogo a gabana, allura a hannu,
ina jiran abin da burodi zai gaya wa jini.

Shekara talatin da ɗaya ina gangaro da mutane ta kwanar dutse,
ban taɓa jefa kowa a kwazazzabo ba.
Yau gutsuren burodi ya gagare ni:
da na haɗiye, sai suga ya fizge sitiyari,
ya taka wuta, ba ya sauraron wani.

Velichka ba ta zubar da kwasfa.
In an ɓare wake da kaka, ƙwaya ta shiga buhu,
kwasfar kuwa sai ta shanya ta bisa tsohuwar jarida,
ta tafasa a tukunyarta mai kunne ɗaya,
ruwan ya fito kamar shayin da aka yi wa rowa.
Ta ce, "Sha kafin ka ci."
Na ce, "Wannan ai abincin akuya ne."
Ta ce, "Ka taɓa ganin akuya a layin karɓar magani?"

Hunturu uku ke nan tana kwance bayan coci.
Buhun kwasfarta na rataye a ƙusa,
in iska ta shigo ya yi kas-kas, kamar yana kiran ni.

Sai ga jikata Tsvetelina daga Plovdiv,
farar rigar aiki a jaka, ƙaramin sikeli a aljihu.
Ta ce a ɗakin gwaji suna tatsar farin wake,
su fitar da gari mai laushi kamar toka,
ana zaton yana rage wa sitaci gudu a hanji
kada ya afka cikin jini gaba ɗaya.
Na ce, "Birki ke nan."
Ta ce, "Wataƙila, Kaka. Ana kan dubawa,
kuma garin ƙwaya daban, ruwan kwasfa daban.
Zato ba ɗan'uwan sani ba ne, maƙwabci ne ga sani."

Ta ja layi a tsohon littafin tikitina:
kwana bakwai da jiƙo, kwana bakwai babu.
Burodi iri ɗaya, ta auna shi kamar zinariya,
cuku ɗan kaɗan, tumatir guda.
Awa biyu, sai ƙis a yatsa,
ɗigo ja ya tsaya kamar ƙwayar wake,
na'ura ta yi ƙara, ta faɗi abin da ta gani.

Litinin, sha ɗaya da ɗigo biyu.
Talata da jiƙo, goma da ɗigo huɗu, na yi mata gwalo.
Alhamis da jiƙon dai, sha uku cur.
Ta dube ni, na dubi taga.
Zumar maƙwabcina Stoil ce, cokali biyu a ɓoye,
ko uku. Na'ura ba ta da kara,
ba ta rufa wa tsoho asiri ko na yini.

Da ta tattara lissafi, bambancin bai cika cokali ba.
Ta ce, "Mutum ɗaya ba hujja ba ne,
balle mutum ɗaya mai satar zuma.
Kada ka bar ƙwayar likita. Ka yi tafiya bayan cin abinci.
Jiƙon, za mu tambayi likitanka ranar Jumma'a."
Ta sumbaci sanƙona, ta bi bas ɗin yamma,
yaron da ke tuƙi yana cin kwana da ganganci.
Na so in yi magana, na haɗiye bayani.

Yanzu dusar ƙanƙara ta rufe sandunan gona.
Na ɗora tukunya mai kunne ɗaya,
na ɗebi kwasfa rabin tafi, don buhun ya fara rama.
Tururi ya tashi da ƙamshin rumbu da rigar Velichka.
Wannan ba ya shiga littafi,
babu layin da aka ja masa.
Na sha da zafinsa, na karya burodi,
na juya agogo ya fuskance ni.