Ƙura da Kura

Saura kwana tara.
Na rubuta da alli a bayan ƙyauren shago,
ƙasan lambar mai gyaran janareta.
Kowace safiya in sa yawu in goge, in rage ɗaya.

Shagona na Samaru, tsallaken titin jami'a,
tsakanin mai ɗinkin littafi da mai suyar awara.
Ni ke buga wa ɗalibai kundin gama karatu.
Kwamfutar, Gwaggo muke ce mata,
shekararta sha huɗu, fankarta na tari tun asuba.
'Yan gwangwan sun taya ta sau biyu,
na ce albarka.

Manhajar da ke riƙe da ranta ba ta da ubangida,
ba wanda zai leƙo ya ce ina rasit.
Aikin gayya ce.
Wani ya yi huɗa a garin da ban iya faɗin sunansa ba,
wata ta yi maimai cikin dare, bayan yara sun kwanta,
kowa da fartanyarsa, gonar ba darni,
wanda ya ga ciyawa ya duƙa ya cire.

Ni ma na ga tawa ciyawar.
Bara, Tasalla ta kawo kundinta,
shafi ɗari da ashirin a kan karin magana.
A allo komai lafiya lau.
Da takarda ta fito daga firinta
sai duk lanƙwasa ta zube a hanya:
baƙi suka koma baki,
ƙafa ta koma kafa,
inda ta ce an ta da ƙura, sai ga shi an ta da kura.
Malaminta ya yi wa shafukan wanka da jan biro.
Ta dawo ta zauna a bencina, ba ta ce uffan ba.
Da ma zagina ta yi.

Daren nan na harhaɗa guntun Turancina na kai kuka.
Kwana uku, wani ya amsa,
mai sunan da harshena ya kasa ɗauka.
Ya ce, mene ne bambancin?
Na ce, ɗaya ana share ta da tsintsiya,
ɗaya kuwa ita ke share garke.
Ya yi dariya a rubuce.
Bayan wata biyu ya ce an gyara,
sai dai a jira sabon zubi.

To, ga ni ina jira.

Barau mai ɗinkin littafi ya ce araha ba ta ado.
Na ce ba ado nake nema ba, ƙugiya nake nema a kan ka.
Dantala mai shayi ya ga allina, ya ce haihuwa za a yi?
Na ce kusan haka.
Ya ƙara mini madara.

Na ware kuɗin data a gwangwanin tumatir,
na sayi lita uku na fetur na ɓoye wa kaina.
Zan fara saukewa bayan sha biyun dare,
lokacin da Samaru ta yi barci, layi ya sake.
Tsorona biyu ne:
kada wuta ta ɗauke ana saura ƙiris,
kada kuma sabon kaya ya fi ƙarfin wuyan Gwaggo.
Na shafa murfinta jiya, da ɗumi,
na ce ki daure mini wannan karon.

Tasalla ta tafi bautar ƙasa, ba za ta gani ba.
Amma Sadau ya ajiye nasa kundin a kan teburina,
kullum ya leƙo daga kan acaɓa.
Na ce masa sai Alhamis ta sama.

In ta sauka lafiya,
ba zan kira kowa ba tukuna.
Zan buɗe farin shafi, in buga kalma ɗaya,
in tsaya a bakin firinta da hannu a shimfiɗe,
in ga wadda za ta fito:
ta tsintsiya, ko ta dawa.