Abin da Ke Cikin Gwangwanin

Naira dubu bakwai na biya
a wani shago bayan Taminus,
bene na biyu, jikin mai gyaran waya.
Ya ce: sau uku a rana, kaɗan-kaɗan,
kar ki sosa, kar ki ɓare ɓawon,
kar rana ta gan shi sai ya yi mako biyu.
Gwangwanin bai cika tafin hannuna ba.
Rubutun bayansa kamar jerin kiyashi,
sunaye dogaye masu harɗe harshe.

Na dawo Gangare da hannu naɗe a leda,
ruwan Agusta na dukan kwano,
wurin na raɗaɗi
kamar na jingina da murfin tukunya.

Iya Tabawa na tsintar acca a faifai.
Ido ya yi nisa, hanci na nan daram.
Ta ce, miƙo.
Ta buɗe, ta shinshina,
ta lakata da ɗan yatsa, ta murza.

Man kaɗe ne, in ji ta. An dai wanke shi
har ya manta garinsu.
Wannan taurin kuwa kakin zuma ne,
shi ke hana shi narkewa a aljihu.
Ga man kwakwa, baƙon Kudu.
Ga wani fure da ban san shi ba,
ƙamshi kawai ya zo yi, ɗan rakiyar biki.
Ta sake kai hanci.
Darbejiya ma ta leƙo, amma da kunya.
Nawa kika ce?
Na faɗa.
Ta yi dariya har acca ta zube.

Ni nawa, aska ce, ba inji ba.
Wanzami Barau, bayan rumbu a Naraguta,
kwabo uku da ƙwaryar dawa.
Jini na tsattsafowa aka goga baƙin tukunya,
aka bi da man shanu a sakaina.
Ban yi kuka ba.
To, na yi kaɗan.
Kwana bakwai ƙudaje na yi mini fadanci.

Ta ja hannun riga.
Na san shi tun ina goye:
layi uku, ɗigo biyar,
da wani abu kamar sawun tsuntsu.
Fata ta tattare, jarfar ta koma kore-kore,
tana nutsewa a hankali
kamar tasa a tafkin kuza.

Kwance ledar, in ji ta.
Na ce, sai kin wanke hannu, Iya, haka ya ce.
Ta harare ni da ragowar idonta,
amma ta wanke, har da sabulu.

Yatsunta suka bi kumburin
kamar mai laluben allura a tabarma.
Layi. Layi. Layi.
Sawun tsuntsu.
Ta tsaya.
Ruwa ya ci gaba da maganarsa a kan kwano.
Leɓenta na motsi, tana ƙirga.

Biyar kika sa.
Na ce, biyar na gani a hoton da na ɗauka
ranar da kike barci.
Shida ne, ta ce.
Ɗaya ya riga ni tafiya.

Ba ta ƙara ba, ban tambaya ba.
Ta lakato man, ɗan mitsitsi,
ta narkar da shi tsakanin yatsu biyu,
ta shafa har fatar ta yi sheƙi kawai.
Kar ki cika masa, ciwo ma na son iska.
Sa doguwar riga kafin ubanki ya shigo,
ni zan san yadda zan faɗa masa.

In ya ƙare, kar ki sake hawa benen nan.
Akwai kaɗe a tulu ƙarƙashin gadona,
kuma Kande mai zuma
ina bin ta bashi tun bara.

Ta mayar da murfin, ta miƙo mini.
Sannan ta riƙe, ta sake buɗewa,
ta ɗan shafa a nata,
daidai inda na shidan yake a da.